Yaya Lawali, Sun Saka Ka a Waƙa

Zuwa ga Yaya Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ko kana da rai ma da ƙyar za ka gane rubutuna, ka san karatun lakwal ɗin da na yi bai taka kara ya karya ba. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma duk wanda na fara gaya wa sai ya tare ni da in yi haƙuri. Na gaji da jin kalmar nan. Kai dai ba za ka tare ni ba.

Bari in fara da labarin gida. An yi girbi, geron bai yi auki ba, ruwa ya ɗauke yana cikin fitar da kai. Wake ya ɗan taimaka. 'Yar'uwarmu Zulai ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, amma Inna ba ta iya faɗin sunan, Baƙo take ce masa. Katangar bayan ɗakinta da ka ce za ka zo ka gyara ta faɗi da damina, zana na kafa a wurin.

Yanzu ina Damagaram, a ɗakinka nake kwana, kurarka nake turawa. E, kurarka ta ruwa. Na gan ta, Yaya. Me ya sa ka ce mana kai planto ne, mai kai takardu a ofis, wato biro? Hoton nan da ka aiko, da farar riga da alƙalami a aljihu, rigar wa ce? Inna ta nuna wa duk matan garinmu Hamdara hoton nan. Ranar da aka kira mu aka ce ka rasu, da ni da Kawu Isufu muka taho, ina ta tambayar mutane ina biron da kake aiki, suna kallona kamar mahaukaci. Iya Gambo mai ƙosai, wadda ɗakinta ke jikin naka, ita ta kama hannuna ta kai ni bayan gida ta nuna mini kura da bido-bidonka, jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, ta ce ga bironka nan.

Ita ce kuma ta gaya mana yadda abin ya faru. Ta ce bazara ce, pampon unguwa ya yi kwanaki ba ya kawo komai sai iska. Ranar da ruwa ya zo da hantsi, layi ya kai har bakin dutse. Samarin fada biyu suka zo, ƙungiyoyin 'yan daban unguwa ke nan, kowace ta ce pampon a hannunta yake, ita za ta tsara layi. Daga cacar baki aka zaro wuƙaƙe da adduna. Kowa ya gudu. Kai ka riga ka cika bido-bidonka, ka ƙi sakin kura, kana ta turawa a tsakiyarsu. Wani ya soke ka. Har yau ba wanda ya ce ga wanda ya yi. Ka faɗi a ƙofar wani shago da rana tsaka, ƙofofin layin duk a rufe. Kafin ta fito ta samo mai babur a kai ka likita, rai ya yi halinsa.

A mota muna komawa, Kawu ya ce da ni Inna ba za ta ji wannan ba. Ya ce da hawan jinin nan nata, in ta ji an soke ɗanta a kan titi kamar rago, kabari biyu za mu haƙa. Ya ce masassara za mu ce, kwana biyu ka kwanta, Allah Ya karɓi abinsa, abokan aikinka na biro suka yi maka sutura. Ya bi duk wanda ya san maganar a gari ya roƙe shi. Ni yaro ne a gabansa, me zan ce? Haka muka gaya mata. Ta yi kuka, ta ce alhamdu lillahi tunda a kan shimfiɗarka ka cika, da mutane a kanka. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta maimaita masa wannan.

Da na ga rumbu ba zai kai mu ba, bayan girbi na dawo na ɗauki kurar. Garin nan ya fi ƙarfin kaina, Yaya. Ban san hanya ba, duwatsun nan duk kama suke mini da juna, na sha ɓata tsakanin unguwannin Zango da Birni da ruwan mutane a gabana. Ga wata magana da ban taɓa gaya maka ba. Shekarun nan da ka tafi, haushinka nake ji. In ina noma rana tana dukana sai in ce Yaya yana can a inuwa yana kai takardu, ya bar mini gona da Inna da komai. Yanzu na hau gangaren nan na unguwarku da kura cike, na ji abin da take yi wa ƙugu da tafin hannu. Da ka faɗa mini gaskiya ai da ban ɓata shekaru ina jin haushin banza ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina sabon zuwa, wata rana da la'asar na biyo ta wani gida ana biki. An kafa bafil, babbar lasifikar nan, a ƙofa, 'yan mata suna rawa. Kiɗan kamar ana dukan bido wanda ba ruwa a ciki, ga wani yana magana da sauri-sauri a kai, ni na ɗauka faɗa yake da wani. Ina cikin wucewa sai na ji ya ce Lawali ɗan Hamdara. Kura ta kuɓuce mini ta bugi katanga. Na tsaya na saurara. Kai ne, Yaya. Kurarka ce, pampon nan ne, wuƙar ce. Su kuma suna ta juya ƙugu suna tafi, amarya tana dariya.

Ni abin da na sani a gida, makaɗi mai rai yake wa waƙa. Ya yabi manomi a gayya don ya ƙara himma, ya yabi mai riga don ya ba shi. Wa ya taɓa jin an yi wa ɗan ga-ruwa da ya mutu waƙa? Kuma ba ma yabonka ya yi ba. Daga baya na sa wani yaro mai salula ya kunna mini ita tun daga farko, na ji ta sosai. Ya fara da pampon da ke tari ba ya kawo ruwa. Ya faɗi matan da ke ajiye bokiti a layi tun jiya, da yaran da ba sa zuwa lakwal saboda ɗiban ruwa. Ya faɗi samarin da suka tara ƙwanji ba aikin yi, suna ɗaga gwangwanin siminti a rumfa tun safe. Ya faɗi manyan da ke zuwa da mota lokacin zaɓe su raba musu ƙwaya da riguna, in an gama ba a sake ganinsu. Sannan ya zo kanka. Ya ce kai ba ɗan kowace fada ba ne, ruwa ka ɗauko. Ya ce da ka faɗi, Inna kake kira, Inna, Inna. Ya ce mun ji shi, mun sa sakata. Wurin nan shi ne amshi, shi kowa yake maimaitawa. Mun ji shi, mun sa sakata.

Ta yaya mutum zai faɗi wannan da bakinsa, kuma ya taka rawa a kai? Na tambayi Iya Gambo, ta ce yaro, mutanen unguwar nan in ba su yi rawa da abin ba, kashe su zai yi. Ban gane ba, har yanzu ban gane ba.

Da aka san ni ƙaninka ne sai abin ya ƙara lalacewa. Yara su biyo ni a baya suna rera amshin suna dukan gwangwani. Mata su kira ni in zuba musu ruwa ko randarsu a cike take, don dai su kalle ni su ce Allah sarki, har tafiyar iri ɗaya. Wata rana a layin pampo wani ƙato mai tabo a wuya ya ture mutane ya ce a bar ƙanin Lawali ya fara ɗiba, ya dafa kafaɗata ya ce kowa ya taɓa ni shi ya taɓa. Na ɗiba. Ina na sani ko hannun da ya dafa ni shi ne ya riƙe wuƙar? Su kansu 'yan fadar, in na wuce rumfarsu, waƙarka suke sawa suna ɗaga ƙarfe. Waƙar da ke zaginsu! Ko ba sa jin Hausa ne?

Ba zan ce ba ta yi komai ba. An ce da aka sa ta a rediyo, liman da dattawan unguwa suka ji kunya suka zauna, yanzu tsofaffin mata ne ke tsara layin pampon nan, ba a sake zare wuƙa a wurin ba. Amma ba a daɗe ba aka sari wani yaro a bayan kasuwa, shi ba wanda ya yi masa waƙa. Ruwan kuma yana nan yadda ka bar shi, yau ya zo, gobe babu.

Duk wannan zan iya shanyewa. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne kiran da mijin Zulai ya yi mini. Ya ce ya ji waƙar a kasuwar Mirya, samari suna turawa juna. Ka san rumfar yaron nan mai cajin salula a kasuwar garinmu, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi a kat ɗin salula, yana kunna bafil tun safe don ya ja jama'a. Ka san kuma wa ke zama daura da shi da farantin ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa. Kawu ya rufe bakin dattawa, ya rufe bakin mata, amma bai san da wannan ba.

Na nemi mai waƙar. Ashe ba nisa, Bashari sunansa, gyaran salula yake yi. Ni na zata zan ga wani babban mutum, sai na tarar da siririn yaro da bai fi ka shekaru ba, yana ƙona waya da ƙarfe mai zafi. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da ya manna wa kwalayen ƙwai a bango, nan yake ɗaukar murya. Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni wane ne. Ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa. Na roƙe shi don Allah don Annabi ya cire sunanka da sunan garinmu, ya bar sauran in yana so. Na gaya masa zancen Inna duka.

Ya ce ko yana so ba zai iya ba, waƙar ta bar hannunsa, tana cikin salular da bai san adadinta ba, har Kano 'yan kasuwa sun tafi da ita. Sannan ya ce ko da zai iya ma ba zai cire ba. Ya ce tun yana yaro ake kashe mutane a unguwar nan, kullum sai dai a ce wani matashi, wani ɗan ga-ruwa, wani baƙo, washegari an manta. Ya ce da gangan ya sa sunan, don a rasa yadda za a ce wani.

Nan raina ya ɓaci, na ɗaga murya a shagon mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na ce sunan nasa ne da zai ba duniya? Shi ya haife ka? Ya tambayi wani a gidanmu? Na ce shi ya samu suna, ana nuna shi a hanya, mu ya bar mu da tsohuwa mai hawan jini. Na ce in yana son gyara unguwarsu ya sa sunan ubansa mana.

Bai rama ba. Ya kama ni ya fito da ni waje ya nuna mini dakalin ƙofar shagon. Ya ce nan ka faɗi. Ya ce shi ne a ciki, hannunsa a kan sakata, yana jin numfashinka ta ƙasan ƙofa, ya kasa buɗewa don yana tsoron su shigo. Ya ce da ya ce mun sa sakata, kansa yake nufi kafin kowa. Na dubi dakalin. Siminti ne kawai, wata yarinya ta ɗora tiren goro a kai.

Na ce to tunda ya ji ka, ya faɗa mini, sau nawa ka kira Inna. Sai ya ce ba ka kira ta ba. Ya ce shi ya ƙara wannan, don ya san in mutane suka ji an kira uwa jikinsu zai yi sanyi. Ya ce abin da kake ta faɗa shi ne, a tare kurar, a tare kurar, ruwan mutane yana zubewa. Ta gangara ne ta kife a kwata, kai kana kwance kana kallonta.

Yaya, kura? Jininka yana zuba kana zancen ruwan mutane? Me ya sa ba ka sake ta tun farko ka gudu kamar kowa ba? Da yanzu kana nan, da mun sayi wasu bido, da ka ci gaba da yi mana ƙaryar bironka har tsufa, wallahi da na yarda. Na so in mari Bashari, sai na ga yana kuka yana jawo mini kujera wai in zauna a dafa shayi. Ko haushin nasa ma bai bar ni na ji yadda nake so ba. Na fita na bar shi.

Washegari da sassafe na ba Iya Gambo ajiyar kura na tafi tasha. Ban kira Kawu ba. Na ce gara ta ji daga bakina, a ɗakinta, a zaune, da Zulai a kusa, da ta ji daga bafil a tsakiyar kasuwa. Duk hanya ina shirya yadda zan fara.

Na makara. Zulai ta tare ni a zaure ta gaya mini. Kasuwar da ta wuce yaron mai caji ya sa waƙar, shi bai ma lura ba, cikin jerin waƙoƙi ta zo. Inna tana auna wa wata mata mai, ta ji sunanka. Ta ajiye ludayin. Mutane suka fara yi wa yaron alama ya kashe, ya kashe. Sai ta tashi ta tsallaka ta tsaya a gabansa ta ce ya mayar da ita farko. Ya ce Inna ki yi haƙuri. Ta ce ba haƙuri ta tambaye shi ba. Ta tsaya a rana ta ji ta har ƙarshe, kasuwa ta yi tsit. Ta koma ta haɗa kayanta ta ɗora a ka ta tafi gida da ƙafarta. Ba ta faɗi ba, Yaya. Duk tsoron da muka ji, ba ta faɗi ba. Da Kawu ya zo da yamma zai yi bayani, ta juya masa baya. Har yau ba ta amsa gaisuwarsa.

Na shiga na durƙusa. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta ce a kawo mini ruwa ba. Ta ce watanni tana gode wa Allah a kan shimfiɗar da babu ita, tana yi wa mutanen biro addu'a, mutanen da ba a halitta ba. Ta ce wani ɗan mutane da bai san ta ba ya fi ɗanta da ƙaninta ganin ta isa a gaya mata. Sannan ta ce abu ɗaya za ta tambaye ni, kuma in na sake yi mata ƙarya ba ta yafe ba. Da gaske ka kira ta?

Ka ga inda kuka saka ni, kai da Kawu da Bashari? Abin da ya rage mata ke nan a duk waƙar. Da na ce e, ba mai ƙaryata ni, duk Damagaram shaida ce. Na buɗe baki zan ce e, sai na ji ba zan iya ba. Na gaya mata zancen kura da ruwan mutane, yadda aka gaya mini.

Na zata shi ke nan, na kashe ta. Can sai ta ce dama wurin nan bai zauna mata ba. Ta ce kai ko da kunama ta harbe ka kana ƙarami ba ka kira ta ba, kuka kake wai ƙwaryar furar da aka aike ka da ita ta zube. Ta ce yanzu ta yarda kai ne. Daga nan ta fara kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da muka kawo mata labarin masassara.

Kafin in dawo ta ba ni saƙo wurin Bashari. Ta ce ya bar sunan, ya bar garin, ya bar sakatar tunda ya san shi ya sa ta, amma ya cire kiran da ba ka yi ba ya sa abin da ka faɗa. Na kai saƙon. Ya shiga ɗakin kwalayensa ya sake ɗauka. Ba mai son sabuwar. Wai ba ta taɓa zuciya, wai wa zai yi amshi da kura. Tsohuwar ce dai a gidajen biki da rumfunan shayi, kana ta kiran Inna a bakin mutanen da ba su taɓa sayen ruwanka ba.

Inna kuwa ta koma kasuwa, wurinta na da. Yaron mai caji ya daina sa waƙar don kunya, ta aika masa ya riƙa sawa. Zulai ta ce in an zo daidai wurin, ko ciniki take sai ta tsaya, ta dubi wanda ke gabanta ta ce masa nan ƙarya ne, ɗana kurarsa yake kira a tare masa. Sannan ta ci gaba da auna mai.

Ni tana yi mini magana, amma iya abin da ya zama dole. Ban san yaushe za ta huce ba. Zan tsaya nan, an ce ruwa ya zo, in ban tafi yanzu ba sai gobe. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa ka huta. Haushin da nake ji bai wuce ba tukuna, amma ina yi maka addu'a kowace salla.

Ni ne ƙaninka,
Sale, daga ɗakinka a Damagaram.